Kilo Talatin da Takwas

A layin masu gyaran mota babu wanda ya san shi da wani suna sai Saura-Kaɗan. Ka kai masa mota da safe, ya ce ka dawo da rana. Ka dawo da rana, ka tarar ƙafafunsa kawai suka leƙo daga ƙarƙashinta, ka yi sallama, murya ta fito daga ƙasa ta ce, “Saura kaɗan.” Ka dawo washegari, amsar dai ita ce. Ba lalaci ba ne, ba kuma yaudara ba. Da ma yaudarar ce, da mutane sun huta, sun janye motarsu sun kai wani wuri. Abin haushin shi ne ranar da ya sakar maka ita, in ka hau titi sai ka rantse musanya maka aka yi, dole ka haɗiye duk baƙar maganar da ka tanadar masa.

Ba ya taɓa inji, ba ruwansa da wayar wuta ko fenti. Aikinsa ƙasan mota ne: sifirin da ke ɗauke da nauyinta, da shakazoba, ƙarfen nan mai kama da famfon keke da ke hana ta tsalle-tsalle in ta faɗa rami. Yana ɗan shekara goma sha biyar ubansa ya damƙa shi hannun wani tsohon bakanike mai saurin mari, ya shekara uku yana wanke noti a kananzir kafin a yarda ya ɗaure ɗaya shi kaɗai. Daga nan ya yi shekara arba'in yana kwanciya rigingine a ƙasan motocin mutane. Garejinsa rumfar kwano ce mai rami ɗaya da jak uku, da allon katako a bango inda ya zana siffar kowace sufana da farin fenti, don in ɗaya ta yi ƙafa a gane nan take. A kusurwa kuma ga tulin buhunan yashi da wani tsohon sikeli.

Yashin nan shi ya bambanta shi da kowa a layin. Duk wanda ya kawo mota, tambayar farko ita ce, “Me za ta riƙa ɗauka?” In ka ce iyali, sai ya ce mutum nawa, manya ne ko yara, akwai mai ƙiba a ciki? Ya auna yashi daidai nauyin, ya jera a kan kujeru, ya zuba ruwa a kwano ya bar yatsa biyu bai cika ba, ya ajiye a baya, ya nufi tsohuwar hanyar da ke bayan wurin fasa dutse. In ruwa ya zuba, aiki bai yi ba, a sake. Masu walda na maƙwabtaka in sun ga ya fito sai su ɗaga murya, “Oga, a gaida fasinjoji! Na tsakiyan nan ya ce a tsaya masa zai kama ruwa!” Ko kallonsu ba ya yi.

Mutum ɗaya ce ta iya shi, matarsa. Tela ce, mai ɗinka labule da rigunan kujera a ɗakinta, gajera mai jiki, in tana dariya har keken ɗinkin sai ya girgiza. Daga bayan duwatsu ya auro ta, wani ƙauye da kwalta ke ƙarewa tun saura tafiyar awa uku a isa. Injiniya take ce masa, ba don girmamawa ba. Shekara talatin da ɗaya suna tare, ’ya ɗaya Allah ya bar musu, ta girma ta zama malamar makaranta. Akwai lokacin da ya cire ƙofar banɗaki wai zai raba ta da ƙara, ƙofar ta yi mako uku jingine a tsakar gida, sai da matar ta gaji ta kira kafinta ya mayar. “Kai ba ka gama aiki, Injiniya,” in ji ta, “sai dai a ƙwace.” Ya yi fushin kwana biyu, domin kafintan ya bar ƙarar.

Ciwon ya fara mata kamar ciwon bayan masu zaman keke. An yi shafe-shafe, an sha ƙwayoyi, kafin a je babban asibiti a ji sunansa: ciwon daji ne, kuma ya riga ya shiga ƙashi. Wata huɗu ana kai da kawowa. Ranar da likita ya ja shi gefe ya ce su koma gida a riƙa ba ta maganin rage zafi, bai yi tambaya ko ɗaya ba, shi da ke tsare mai mota da tambaya ashirin a kan taya guda.

A motar wani abokin cinikinsa aka dawo da ita, mai haƙar rijiyar burtsatse, wanda kowa ke ce wa Mai-Rijiya. Motar shiga ƙauye ce mai ja da ƙafa huɗu, an cire kujerun baya saboda bututu da siminti, don haka katifa na shiga a miƙe. Mai-Rijiya ya taɓa kai ta wani wuri an ɗaga ta inci huɗu da dogayen sifirin da manyan tayoyi don ta riƙa haye kwazazzabai, amma aka bar mata gajerun shakazobanta na asali. Saura-Kaɗan ya daɗe yana yi masa mita a kan haka. A bakin ƙofar asibitin akwai tudun rage gudu. Da tayar baya ta sauko daga kansa, gajeren ƙarfen ya kai ƙarshen tsawonsa ya fizgo jikin motar, gam! Matar ta saki wata irin ƙara. Shekara talatin da ɗaya, har ranar haihuwa, bai taɓa jin ta yi irinta ba. Ya damƙe bakin kujera har suka isa gida, yana jin kowane rami a haƙoransa.

Kwana uku da dawowa, ranar Asabar, ta kira shi bakin gado.

“Injiniya, ka kai ni wajen Inna.”

Inna mahaifiyarta ce, ta haura tamanin, ƙugunta ya karye shekara uku da suka wuce, ko ƙofar gida ba ta fita. Kunnenta kuma ya yi nauyi, waya ba ta da amfani a wurinta. Ba za ta iya zuwa ba, sai dai a je mata.

“Hanyar nan, Uwargida? A haka?”

“A haka. Ba shaƙatawa za ni ba. Akwai maganar da nake so in yi da ita da bakina, in kuma ji faɗanta ko sau ɗaya ne. Ranar Talata. Na riga na sa yarinyar nan ta aika a gaya mata.”

Ya ce to. Mai-Rijiya kuwa da aka tambaye shi aron motar, mukulli kawai ya miƙo ya ce, “Yaya, riƙe ta har sai ka gama da ita.” Bawan Allah, da ya tuna wa yake gaya wa haka, da ya sa masa rana.

Lahadi tun da sassafe ya hau da motar kan rami. Ya ɗaga jikinta da jak har tayoyi suka yi reto, ya auna tsakanin maɗaurin sama da na ƙasa. Ya sauke ta, ya danne ta da duk yashin da ya mallaka har ta zauna a kan robar da ke tare ta in nauyi ya danne ta ƙasa, ya sake aunawa. Awo biyu ke nan, ya rubuta a bayan wani kwali. Abin da ake nema shi ne shakazobar da in ta miƙe za ta ɗan wuce awon farko, in ta tsuke kuma ta yi ƙasa da na biyu. Waɗanda ke jikin motar sun gaza da inci uku da rabi. Ya tsaya yana kallon kwalin yana tsine wa wanda ya yi aikin a ransa.

Litinin ya je wajen mai kayan gyara. Mutumin ya zube masa iri biyu a kan kanta. Na farko gajeru ne, ya ture su gefe. Na biyu tsawonsu ya yi daidai kamar don motar aka ƙera su. Ya kafa ɗaya a ƙasa ya danna da ƙirjinsa, da ƙyar ta nutsa.

“Wannan ta masu dakon dutse ce.”

“Oga, ai ita kowa ke ɗaurawa. Ka rage iskar taya, ka tafi a hankali, wallahi ba wanda zai san bambanci.”

“Ni zan sani.”

Mai kayan ya sosa ƙeya. Ya ce akwai wasu masu ɗan maɓalli a gindi, mataki tara daga laushi zuwa tauri, mutum ya murɗa yadda yake so. Amma sai an aiko da su daga babban gari, kwana biyar.

A nan ne ya kamata a ce wani ya riƙe masa hannu. Gaskiyar magana, na biyun nan da sun kai ta. Da ta sha wuya, da ta yi kuka a wuri biyu ko uku, amma da ta isa ranar Talata da bakinta da hankalinta. Shi ma ya san haka, ba yaro ba ne. Sai dai ƙarar bakin asibiti tana cikin kunnensa, kuma a ƙarƙashinta akwai wani abin da ba ya son ya kalla: in ya kai ta, ba zai dawo da ita ba. Muddin motar tana kan rami, ranar tafiya ba ta zo ba. Tsoro ne, ba komai ba, amma tsoron ya sa rigar aiki, shi ya sa bai gane shi ba. Ya ce a aiko da masu maɓallin.

Da ya gaya mata da yamma, ta kalli silin ta ce:

“Kwana biyar naka, ko na mutane?”

“Na mutane. Wallahi ba zan iya sake jin abin da na ji ranar nan ba.”

“Ni ce fa na yi ƙarar, ba kai ba.” Ta ɗan yi murmushi. “Shi ke nan. Ka dai yi sauri.”

Kwana biyar ɗin nan bai zauna ba. Mai neman aiki a ƙasan tsohuwar mota ai ba ya rasawa. Ya canza duk robobin da suka tsufa, ya matse abin da ya saki, ya sa masu walda suka haɗa masa ɗan gadon ƙarfe, ya shimfiɗa soso hawa uku, ya cire ɗaya, ya mayar. Yana fita tana barcin maganin safe, ya dawo ta sha na yamma idonta ya yi nauyi. ’Yar ce ta ɗauki hutu a makaranta, ita ke juya ta, ita ke ba ta ruwa a cokali. In ta ce, “Baba, yau Mama ta tambaye ka har sau uku,” sai ya ce, “Ki ce mata aikinta nake yi.” Kuma ba ƙarya ya yi ba, abin da ya sa ’yar ta rasa ta inda za ta kama shi ke nan.

Asabar kaya suka iso, kafin rana ta faɗi ya ɗaura duk huɗun. Sai batun yashi. Ya bugo wa ’yar waya ya tambayi nauyin uwarta. Ta duba katin asibiti ta ce kilo talatin da takwas. Ya ce ta sake dubawa. Ta ce, “Baba, wancan ma awon mako biyu da suka wuce ne.”

Ya ɗora buhu a kan sikeli, kilo hamsin. Ya kwance bakinsa ya riƙa kwasa da gwangwani yana zubarwa a ƙasa. Ya kwasa, ya duba, ya kwasa, ya duba. Sai da buhun ya zama abin da zai iya ɗagawa da hannu ɗaya kafin allurar ta tsaya inda ake so. Matar da ya sha yi wa tsiya cewa sai ya ƙara wa gadonsu sifirin. Ya zauna a bakin rami ya yi kuka irin na wanda bai saba ba, babu hawaye sosai, kafaɗu ne kawai ke rawa. Masu walda sun gani, kowa ya sunkuyar da kai kan aikinsa.

Washegari ya fara gwaji. Ya sa maɓallan a mataki na biyar, ya kwantar da buhun a kan gadon, ya ajiye kwanon ruwa kusa da shi. Ramin farko rabin ruwan ya zube. Motar da ta saba da bututu da siminti ba ta ma san an ɗora mata komai ba, bayanta sai tsalle yake kamar babu kowa a ciki. Ya sauko zuwa mataki na uku. Ta yi laushi, amma da ya sha kwana doguwar motar ta kama tangaɗi, ruwa ya fita ta gefe. Ya jera ƙarin buhu shida a kan tayoyin baya don sifirin su zauna, ya rage iskar taya, ya bar gaba a biyar, baya a huɗu. Da yammacin Lahadin nan ya zagaya hanyar fasa dutse sau biyu. Ruwa ya taɓa bakin kwano ya koma, ɗigo uku ko huɗu ne kawai suka sauka a kan buhun. Duk wani bakanike mai hankali da ya wanke hannunsa ya tafi gida ya ce a haɗa kaya. Shi ya tsaya yana kallon ɗigon nan, ya ce gobe zai gwada baya a uku da ƙarin buhu biyu.

Litinin da rana ’yar ta zo garejin, abin da rabonta da yi tun tana ƙarama. Ta tsaya a bakin rami da silifas ɗin banɗaki a ƙafarta.

“Baba, fito.”

“Saura...”

“Kar ka faɗa mini. Don girman Allah kar ka faɗa mini wannan maganar.” Ta sunkuyo kan ramin. “Yau sau biyu ta kira ni Inna. Ka ji? Ta fara ruɗewa. Motar nan ta yi, ba ta yi ba, gobe mu tafi.”

“Na bayan nan na dama ne yake ɗan...”

“Baba, mutum ce fa, ba kwanon ruwa ba!”

Ya fito daga ramin a hankali, ya rataye sufanar a gurbinta. Ranar ya koma gida da sauran rana. Ya tarar idon matar biyu. Ta kalli hannuwansa ta ce, “Ka wanke kafin ka taɓa mini zanen gado.” Ya je ya wanke, ya dawo ya zauna. Ta ce, “An gama?” Ya ce, “Gobe, in Allah ya yarda.” Ta ce, “Wane goben?” Kafin ya amsa barci ya ɗauke ta.

Da gari ya waye ba ta farka ba. Tana numfashi, a hankali, da ɗan gurnani a maƙogwaro, amma a kira ta, a taɓa ta, a ɗiga mata ruwa a leɓe, shiru. Shi da Mai-Rijiya suka ɗauke ta a cikin bargo suka kwantar a gadon ƙarfen, a gurbin buhun. ’Yar ta zauna kusa da kanta. Talata ce, mako guda cif bayan Talatar da ta faɗa.

Awa huɗu a kan kwalta, awa uku a kan dutse. A ba shi haƙƙinsa, motar ta yi abin da wata mota ba ta taɓa yi a hanyar nan ba. Taya ta sauka rami ta fito, jikin motar bai sani ba. A kwazazzabo ta miƙa ƙafa ta taɓa ƙasa babu fizga, a kwana ta tsaya da gindinta. Yana tuƙi kunnensa na baya. Ba ta yi ƙara ba ko sau ɗaya. Amma ranar ko a amalanke aka ɗora ta ba za ta yi ba, kuma ya sani. Aikin da ya fi kowanne kyau a shekara arba'in, mutum ɗaya ce za ta iya ce masa ya yi ko bai yi ba, ita kuwa ta riga ta wuce inda ake jin rami.

Kwana biyu ta yi a ɗakin uwarta ta cika, ba ta buɗe ido ba. Amma in ka tambaye shi, ba ranar rasuwar ce ta tsaya masa a rai ba, ranar isar ce.

An shigar da ita an kwantar a katifar da aka shimfiɗa tun wancan makon. Tsohuwar ta jawo jiki daga nata gadon da gindi, ta ƙi a taimaka mata. Ta shafa fuskar ’yarta, ta kira ta, ta sake kira da ƙarfi irin na kurame. Ta yi mata faɗa ta ce ta tashi, wane irin barci ne wannan a gidan mutane. Daga nan ta ɗora hannunta a kan goshin. Sannan ta juyo wajen surukinta, wanda ke durƙushe a bakin ƙofa.

“Yaushe ta daina magana?”

Sai da ya matso ya ɗaga murya. “Jiya da yamma, Inna.”

“Jiya jiya?”

“Jiya.”

Tsohuwar ta ɗaga hannu ta fara lanƙwasa yatsu daga Talatar da aka ce mata za a zo. Ta gama hannu ɗaya ta shiga ɗayan. Ya jira zagi, ya ma so a zage shi. Ba ta zage shi ba, ba ta ma tambayi abin da ya tsare su ba.

“Kwana bakwai ke nan tana da baki,” in ji ta. “To matso nan, ɗan nan. Zauna. Kai ne mijinta, kai kake kusa da ita. Faɗa mini abin da ta ce a kwana bakwan nan. Kar ka rage mini komai, ko na shirme ne ina so.”

Ya matso ya zauna. ’Yar tana jingine da bango, ta kawar da kai. Da awon shakazoba aka tambaye shi, da matakin da kowane maɓalli ke kai, da yawan iskar kowace taya, da ya karanto su ba tuntuɓe. Ya lalubi kansa ya tattaro abin da ya ji daga bakinta a kwanakin nan, ya sa baki kusa da kunnen tsohuwar ya faɗa mata. Ko minti ɗaya bai ɗauka ba.

Tsohuwar ta gyaɗa kai, ta ƙara karkato kunne, tana jira.

“Sai kuma me?”

“Shi ke nan, Inna.”